Rakiyar Hajiya

Wata rana da hantsi, wani direban janwe mai suna Nafi'u ya shiga wata unguwa a Malumfashi domin ɗaukar mota.

Janwen nasa irin mai shimfiɗaɗɗen bayan nan ne. Ana karkato bayan har ya taɓa ƙasa, a maƙala wa mota ƙugiya, inji ya riƙa naɗe igiyar ƙarfe yana jawo ta sannu a hankali har ta hau.

Aikin da ya saba ne. A ransa, kafin azahar ya kama hanyar Kano.

Bai san Hajiya aka aiko shi ɗauka ba.

Hajiya dai ba mutum ba ce. Tsohuwar Fijo ce, wadda aka ce a da fara ce. Ta daɗe a gindin dalbejiya a ƙofar gidan Baba Tanimu, har kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin hutun rana.

Zamanin da Baba yake haya, babu maniyyacin unguwar da ba ita ta kai shi sansanin alhazai ba, kuma ita ke komawa ta ɗauko shi da tsarabarsa. Sai mutane suka ce wadda ta sha wannan zirga-zirgar ai ta ci sunan, ko da ba ta taɓa leƙa cikin jirgi ba.

Yanzu ɗan Baba da ke Kano ya ce a kawo ta gareji a tashe ta.

Murna a wurin tsohon nan ba a magana.

Nafi'u ya tarar da shi cikin farar riga da hula kamar mai shirin Juma'a, riƙe da butar roba, yana wanke gilashin bayan motar da tsumma. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne za ka kai ta?" in ji Baba. "To ka bi da ita a hankali. Ba ta son gargada."

"In sha Allahu, Baba."

Nafi'u ba mai gaggawa ba ne. Ya nemi inda ƙasa ta daidaita, ya saita janwen sak da gaban motar, ya ja birkin hannu, ya sa wa tayoyinsa weji don kada su gangara. Ya zura safar hannu ya warware igiyar ƙarfen yana dubawa ko akwai inda ta fara tsittsinkewa.

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin Hajiya. Kaji suka watse suna ƙorafi.

Bambar gaban motar dai ko kallo ba ta ishe shi ba, ya san da an ja za ta biyo ƙugiyar ta bar motar. Ya lalubi wani ƙarfe mai kauri, ya ƙwanƙwasa, ya ji ya amsa, ya maƙala a nan. Ya fito ya miƙar da sitiyari, ya sa giya a firi. Sannan ya ɗauko wani ƙaton weji ya ajiye a ƙasa, can baya da motar kaɗan, saboda ko-ta-kwana.

Kafin ya gama, unguwa ta hallara.

Kun san halinmu. Ba ma iya ganin mota ta ƙi tafiya mu wuce. Ko ba mu san mai ita ba, sai mun ajiye abin da ke hannunmu mun kama. Halin kirki ne, Allah ya bar mu da shi. Amma ba ko'ina yake da wurin zama ba.

Samari suka naɗe hannun riga suka jeru a bayan Hajiya.

"Oga, a tura ne?"

"Allah ya saka da alheri," in ji Nafi'u, "yau inji ne zai sha wahalar. Ku dai ku koma inuwa. Igiyar nan in za ta tsinke ba ta sallama."

Suka yi dariya suka koma gefe.

Saura mutum ɗaya.

Baba Tanimu ya ajiye butarsa a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ɗora tafin hannu a kan but ɗin bayan motar, ya gyara tsayuwa.

"Baba, da ka ɗan matso nan wajena."

"Ja abinka, yaro. Taka mata zan yi."

"Wurin ne akwai haɗari, Baba."

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tun ba a haife ka ba nake tura motar nan a lakar damina, ba ta taɓa taka ni ba. Sai yau da za ta tafi ganin likita zan tsaya daga nesa kamar baƙo?"

Ɗanliti mai shayi ya ɗaga ludayi daga rumfarsa ya ce, "Sai Baba! Na Hajiya ba da kanka a sare!"

Jama'a suka ɗauka da shewa.

Wannan kirarin shi ya ƙara ɓata lamarin. Yanzu in tsohon ya matsa, ya zama wani yaro daga wani gari ya kore shi daga bayan motarsa, a ƙofar gidansa, a gaban 'ya'yan da aka haifa a kan idonsa.

Nafi'u ya dubi inda tsohon yake tsaye. Tsoro ya ji, na gaske.

Ya san abin da su ba su sani ba. Motar da ta kai rabin hawa, duk nauyinta a kan ƙugiya ɗaya yake rataye. In abu ya saki, baya za ta dawo, kuma ba ta tambayar wa ke tsaye a wurin.

Ba zai ja ba muddin tsohon nan yana can. Ba zai kuma ɗaga wa sa'an kakansa murya ba.

Sai ya kashe injin.

Wurin ya yi tsit. Ya cire safar hannunsa, ya tako har gaban Baba, ya rage tsawo, ya sassauta murya.

"Baba, tambaya gare ni. In ka yi baƙo mai daraja ka fito taka masa, ta ina kake tafiya?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ta gefensa mana, kafaɗa da kafaɗa."

"In ka koma bayansa ka dafa shi kana turawa fa?"

"Kai! Ai wannan kora ce, ba rakiya ba."

Nafi'u ya sunkuyar da kai kawai.

Baba ya dubi hannunsa a kan but. Ya dubi yaron. Sai gemunsa ya fara rawa, dariya ta ƙwace masa.

"Ja'iri! Da bakina ka kama ni."

Ya ɗauke hannun, ya kakkaɓe riga, ya zagayo gefe da takunsa na ƙasaita, kamar dama can niyyarsa ke nan. Ya tsaya inda Nafi'u ya nuna masa, nesa da igiyar.

Aka tayar da inji.

Igiya ta miƙe. Hajiya ta yi wata ƙara irin ta wanda aka tasa daga barci mai daɗi, ta motsa. Tayoyin gaba suka hau. Baba yana takawa a gefe yana cewa, "Bismillah, a hankali, a hankali."

Ta kai rabi.

Ƙau!

Ƙugiya ta yi tsalle ta daki bayan janwen. Hajiya ta sulalo da baya, ta sauko ƙasa da nauyinta, ta bi ta daidai inda Baba yake tsaye ɗazu, sai da ta ci karo da wejin nan ta yi girgiza ta tsaya.

Salati ya tashi ta ko'ina.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Sai ruwa da aka ga yana gangarowa daga ƙarƙashin taya. Butar Baba ce. Ta zama faifai.

Nafi'u ya ƙaraso wajen da sauri. Da ya leƙa ƙasan motar ya ga abin da ya faru: ƙarfen da ya yarda da shi, tsatsa ta cinye shi ta ciki, waje ne kawai ya rage da kyan gani.

Baba ya daɗe yana kallon butar. Da aka zaro masa ita, ya juya ta gaba da baya.

"Wannan kam ta yi alwalarta ta ƙarshe," in ji shi.

Aka yi dariya, irin wadda ake yi da sauran tsoro a ciki.

Sannan ya kamo hannun Nafi'u ya riƙe gam. Muryarsa ta canza.

"Ka fitar da ni daga wurin nan, kuma ba ka zubar min da girma ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka haka."

Daɗi ya cika Nafi'u, ya ce, "Amin, Baba."

A karo na biyu, sarƙa ya zagaya a wuri biyu masu ƙwari, ya gwada ja kaɗan, ya tsaya ya sake dubawa. Yana shirin ci gaba sai ga Ɗanliti ya lallaɓo bayan motar da waya a hannu, wai zai ɗauki bidiyo.

Kafin Nafi'u ya buɗe baki, tsawa ta tashi daga gefe.

"Kai Ɗanliti! Kora ka zo yi ko rakiya? Koma gefe! Yaran zamani ba ku san komai ba!"

Ka rantse shi ya ƙirƙiro maganar. Nafi'u ya juya fuska yana danne dariya.

Hajiya ta hau lafiya lau. Aka sa ta a giya, aka ɗaure tayoyinta huɗu tamau, aka daidaita bayan janwen.

Nafi'u ya ja a hankali, Baba Tanimu yana takawa a gefe, kafaɗa da kafaɗa, har bakin titi. A nan ya tsaya ya ɗaga hannu.

"A sauka lafiya, Hajiya. Kin ɗauki mutane, yau ke ma an ɗauke ki."

Da ya koma gida, ya rataye butar a reshen dalbejiya, daidai inda motar take kwana. Duk wanda ya tambaya, sai an ba shi labarin tun daga farko, ko yana sauri.

Darasi:

In ana jan mota da igiya, kada ka tsaya a bayanta, kada ka tsaya kusa da igiyar, kome ƙaunarka da ita, kome son taimakonka. Wani taimakon shi ne ka matsa gefe.

In kuma babba ne ya tsaya a wurin haɗari, kada kunya ta sa ka yi shiru, kada tsoro ya sa ka yi masa tsawa. Nemo masa ƙofar da zai fita da girmansa. Sau da yawa amsar tana bakinsa, tambaya kawai take jira.

Ku tura wa direbobi, da masu gareji, da duk wani gwanin naɗe hannun riga da kuka sani. Wannan turin dai ba ya karya ƙafar kowa.