Rigar Sanyin Kwamfuta

A kasuwar garin Azogues, wata tsohuwa ta shigo shagon Wilmer mai gyara, da kwamfuta goye a bayanta cikin mayafi kamar jaririya. Farar malfa a kanta, jelar kitso biyu duk furfura. Ba ta sauke goyon ba sai da ta share teburin da tafin hannu.

"Ɗan nan, nauyi take yi. In autana ya kira, kafin fuskarsa ta fito kofina ya huce."

Wilmer na kwance mayafin ya ga dalili. An saƙa wa akwatin shuɗiyar riga ta ulu, cif-cif, ta toshe duk kafofin shan iska.

"Mama, ai zafi ke kashe ta! Wa ya sa mata rigar sanyi?"

"Ni. Can inda yake ƙanƙara ake yi, shi kuwa hannuna bai kai gare shi ba."

Ya kunna. Tsohuwar manhajar Linux ce da wani mai haƙuri ya tsara: rubutu manya-manya, da alama ɗaya tak a tsakiya, "Danna nan, Mama." Wilmer ya gane aikin autan nata ne. Wataƙila yanzu kwanuka yake wankewa a New York. Wataƙila shekara biyu ya ce zai yi.

Ya cire rigar, ya hure ƙurar ciki, ya ce a bar ta tsirara. Tsohuwar ta ninke rigar a cinya, tana ta shafa ta.

"To," ta ce a hankali, "in na buɗe mata 'yar taga a bayan rigar fa?"