Ranar da Na Sallami Taro da Azahar

Gara in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba: a labarin nan ni ne wawan. Ba irin wawan da ake ba riga don ya ba mutane dariya ba. Wawa tsantsa, mai aji huɗu na firamare a ka da agogon aro a hannu.

Jikokina ne suka tono min shi. Ran nan suna zaune a tsakar gida, kowa ya duƙufa a kan waya, suna musu a kan wani wasa da za a yi a Kano: wa zai fara, wa zai rufe, don me aka sa wane a gaban wane. Har ɗaya ya rantse ba zai je ba, tunda an raina masa gwani. Na ce a raina, ashe cutar nan gado ce.

Garinmu ƙauye ne a fadamar Kirikasamma. A shekarun da nake magana, an gama yaƙin basasa, rediyo ya fara yawa a rumfunan kasuwa, amma ba a kai ga tare mana ruwa da madatsai can sama ba. In damina ta kankama, kogi har bayan gida yake zuwa ya gaishe mu, ya kuma yi zamansa kamar baƙon da ya ji daɗin tuwo. Tsuntsayen ruwa, ɗinya da kirinjijiya, su rufe sama. In aka ɗauke gero aka yanke shinkafa, sai samari su shirya kalankuwa, wasan murnar kaka. Lokacin ruwa bai gama janyewa ba, don haka rabin 'yan kallo daga hayi suke zuwa a kwalekwale: 'yan mata da tsofaffin da ke rako su, da masu tallan fura, da masu soyayyen kifi.

Wasan yini ɗaya ne, amma musunsa tun ana sassabe ake fara shi. Gindin tsamiya, inda masunta ke ɗinkin koma, nan ne kotunmu. Akwai 'yan garaya, akwai 'yan kukuma, akwai 'yan kalangu, kowa da gwaninsa, kowa kuma a shirye yake ya ɓata da ɗan uwansa a kai.

"Mai garayarku fa waƙa ɗaya ya iya," in ji wani abokina, ɗan kukuma na ƙin ƙarawa. "Tun ina goye yake yabon maharbin da bai taɓa harbe ko gafiya ba."

"Gara shi," in ji wani maƙeri. "Naku in ya ja kukuma, sai ka rantse sauro ne ya shiga tulu."

"Sauron nan dai shi ya hana ƙanwarka barci bara!"

Sai a tashi kamar za a daku, a riƙe wannan a riƙe wancan, a koma a zauna, a ɗora daga inda aka tsaya. Babu wanda ya taɓa sauya ra'ayi a gindin tsamiyar nan. Ban kuma taɓa jin daɗin wata hira kamar ta wurin ba.

Tsarin wasan kuwa tun kaka da kakanni ɗaya ne. Ƙananan makaɗa su ɗumama fili da hantsi. Bayan an yi azahar, fili ya cika, sai babban makaɗi ya fito ya yi abinsa har bayan la'asar. Daga nan sai wani tsoho mai ganga ya rufe. Gangar tasa baƙa ce, ta gado, muryarta kamar ta bijimi mai mura, kuma aikinta ɗaya: in ta yi kuka, taro ya tashi. 'Yan fito, masu kwalekwalen da ke bakin ruwa, ba sa ganin fili, kuma babu mai agogo a cikinsu. Da sun ji ta sai su kwance jirage, don kowa ya haye da sauran haske. Gangar sallama muke ce mata.

A shekarar da nake ba ku labari, sarkin samarinmu ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya gayyato wani mai goge daga birni, wanda muke ji a rediyo. Ranar da labarin ya iso gindin tsamiya, har maƙeri sai da ya jinjina kai. Ni kuma aka naɗa ni sakatare, don ni ne mai boko. Sannan na taɓa zuwa Kano sau ɗaya, rakiyar buhunan busasshen kifi, na kuma leƙa wani gidan wasa. Tun daga ranar babu zancen da zan yi ban sako Kano a ciki ba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Wata yarinya ce a hayi, mai sayar da kifi banda ranar kasuwa. Na daɗe ina sayen kifin da ba na bukata. Duk abin da na ce mata, sai ta ce "to" ta ci gaba da korar ƙuda. Ranar da na ji mai goge zai zo, sai na tsaya a gaban tirenta na daki ƙirji, na ce zan sa mutumin rediyo ya ambaci sunanta a waƙa. A ranar ta fara ɗaga kai ta dube ni.

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Ni ne sakatare."

"In na ji da kunnena," in ji ta, "ka turo manyanka."

To, ni so nake sunan nan ya zama abu na ƙarshe da za a ji a filin, mutane su shiga jirgi da shi a baki, a kai shi kowane ƙauye. Sai na je gindin tsamiya na gyara murya. Na ce a birni, inda aka san abin da ake yi, babba shi ne ƙarshe. Ƙanana su share fage, gwani ya rufe. Ina dalilin da za mu kawo mutum tun daga birni, sannan mu sa tsoho mai ganga ya taka masa wutsiya?

"To tsohon fa?" in ji sarkin samari.

"A sa shi bayan azahar, cikin ƙanana. Sai mai garaya, sai mai kukuma, sai babban baƙo."

Da 'yan kukuma suka ji gwaninsu ne dab da mutumin rediyo, suka ce wallahi boko ya yi rana. 'Yan garaya suka ce ba su yarda ba, a sa nasu a wurin. Aka kwana biyu ana wannan rigima, har kowa ya manta da zancen ganga. Malamin makarantarmu kaɗai, wani Kirista mutumin kudancin Zazzau da ya zauna da mu har ya fi mu iya cire ƙayar kifin karfasa, shi ne da zai ara min agogonsa ya ce, "Sakatare, ka dai tambayi dattawa." Na ce masa dattawa ba su je Kano ba.

Na je wurin tsohon da kaina, ina tsammanin zai yi faɗa. Na same shi yana shafa wa ganga mai.

"Ɗan boko, da rana tsaka ka ce?"

"Da rana tsaka, Baba. Fili a cike."

Sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Tun ina saurayi ƙeyar mutane nake wa kiɗa. Bari dai in ga fuskokinsu kafin in mutu."

Na sa mai shela ya zaga gari ya sanar da sabon tsari. Garinmu ya zaga. Hayi kuwa, da 'yan fito da ke kwana a bakin ruwa, ko a mafarki ban tuna da su ba.

Ranar wasa ban taɓa ganin taro irinsa ba. Jirage na ta sauke mutane tun da safe. An ɗaure lasifika a jikin giginya, an jona ta da batirin mota. Babban baƙo na ɓoye shi a zauren bulama, wato mai garinmu, ana ta kai masa farfesun tarwaɗa, don kada a gan shi darajarsa ta ragu. Na riga na raɗa masa sunan, ya ce an gama. Na hango yarinyar a gefen mata, da sabon ɗankwali, gwaggonta na zaune kusa da ita kamar ɗan doka.

Aka idar da azahar. Na dubi agogo, na ɗaga hannu kamar yadda na ga ana yi a Kano. Tsoho ya fito cikin sabuwar riga, har da hula mai aiki. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya dubi jama'a dama da hagu, ya ɗaga sandar kiɗa.

Gangar ta yi kuka.

Mutanen garinmu suka yi tafi, don sun san zancen. Amma kafin tafin ya lafa, sai muka ji ihu daga bakin ruwa: "Fito! Fito! Mai hayewa ya zo!" 'Yan fito sun ji ganga, sun kwance jirage. Tsofaffin hayi suka dubi rana, suka ga tana tsaka, suka dubi ganga, suka ga ita ce. Wata ta ce ko hadari aka hango. Wata ta ce ko rasuwa aka yi. Babu wadda ta tsaya bincike, don wanda jirgi ya bari ya kwana a garin mutane. Kafin ka ce kwabo an naɗe tabarmi.

Na ruga ina ɗaga agogo sama. "Jama'a, ba a tashi ba! Sabon tsari ne! Ku dubi lokaci!"

Gwaggon yarinyar ta tsaya, ta dube ni daga hula har takalmi. "Yaro, mu bi ganga ko mu bi abin hannunka?" Ta fizgi hannun 'yarta suka wuce.

Da 'yan matan hayi suka tafi, samarin garinmu suka bi su rakiya. Da samari suka tafi, masu talla suka ga babu ciniki. 'Yan garaya suka ce dama sun faɗa, alhali ba su faɗi komai ba, suka tafi don a ga fushinsu. Tsoho kuwa bai daina ba. Ya kaɗa kiɗansa har ƙarshe, yana kallon ƙeyar mutane kamar kowace shekara. Da ya gama ya rataya ganga, ya zo wucewa ta kusa da ni, ya ce, "Na dai gan su, ɗan boko. Kaɗan ne, amma na gan su."

Bayan la'asar mutumin rediyo ya fito daga zaure, da babbar riga da 'yan amshi. Ya tarar da ni, da malamin makaranta, da bulama da kunya ta hana shi tashi, da awaki suna cin ɓawon gyaɗa. Ya dubi fili, ya dube ni, ya ce, "Samari, an yi gobara ne?" Amma gwani gwani ne. Ya saɓa goge ya ja, kuma har yau ban ƙara jin abu mai daɗin wannan ba. Ya ambaci sunanta, ya kira ta farin wata na hayin ruwa, mai dariya kamar sabuwar ƙwarya. Iska kuwa ranar gari take busowa, ba hayi ba.

Aka tuɓe ni daga sakatare ba tare da an ko zauna ba. Ranar kasuwa na lallaɓa gaban tirenta na rantse mata cewa an yi waƙar.

"Wa ya ji?"

"Bulama. Da malam."

"Da wa?"

Na ce da awaki.

"To ni ban ji ba," in ji ta. "Tunda kai ka ji, rera min."

Ni kuwa muryata, Allah ya jiƙan mahaifiyata, ita ma ba ta taɓa yaba ta ba. Na rera a tsakiyar 'yan kifi. Kasuwar gaba na dawo na sake. Haka na yi ta yi har ruwa ya janye aka fara zuwa hayi a ƙafa, har yara suka haddace suna bi na da ita. Kafin wata damina ta ce in turo manyana.

Yanzu kogin ba ya zuwa bayan gida. Tsamiyar ta faɗi, gangar kuma ban san hannun wanda ta shiga ba. Shi ya sa da na ji jikokina na wannan musu, sai na jawo kujera. Na ce su matso su ji daga bakin wanda ya taɓa riƙe sakatare.

Kakarsu tana gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago ba. "Ku tambaye shi komai ban da wannan. Shi ne ya sallami gari guda da azahar."

Yara suka fashe da dariya. Na ce, "Ku bar ta. Ko ba komai, waƙar nan ce ta sa ta aure ni." Na gyara murya zan rera musu.

Ta ajiye faifai.

"Malam, rufa mana asiri. Na aure ka ne don ka daina rera ta."