Dattijon da ke cikin faifan Bawa

Bawa ɗan gwaggona ne, ni kuwa ɗiyar kawunsa, wato taubasai muke, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Unguwa ɗaya muka tashi a Matameye, kuma tun yana yawo da bante na san shi da hura hanci. In an zuba wa yara tuwo a akushi ɗaya, shi ne mai cewa miyar ba ta ji daddawa ba, alhali ya fi kowa loma.

Da ya girma ya bi sahun mazan garinmu, ana gama girbi sai a tsallaka iyaka cin rani. Wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu shayi. Shi Allah ya haɗa shi da wanki da guga a Jos, gidan wani tsohon likita mutumin Gana. Likitan nan kullum da la'asar sai ya ɗora faifai a garmaho, ya ji wani kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira jaz. Bawa fa bai taɓa zama a falon ba. Yana can bayan gida bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu, ta taga yake tsintar abin da ya tsinta. Rani tara ya yi a haka. Da likita zai koma ƙasarsu ya ce masa ya zaɓi abin da yake so a gidan. Ga keken ɗinki, ga firji, ga katifa. Bawa ya zaɓi kwali uku na fayafai da garmahon da ya riga ya mutu.

Ranar da ya sauka a tasha ina wurin. Mazan mutane na sauke atamfa da kwanon rufi, namu gwanin yana ta faɗa da 'yan dako kada su jijjiga masa kaya. Matarsa Maryama ta buɗe kwali ɗaya, ta leƙa, ta rufe, ta koma bakin murhu. Baiwar Allah, har yau ban ji ta ce komai a kai ba.

Shekara huɗu kayan na jibge, don kuran, wato wutar lantarki, bai iso unguwarmu ba. Kafin ya iso gara ta cinye rigunan fayafan duka, da hotunan da ke jiki. Rubutun tsakiya kuwa da Ingilishi yake, Bawa ko ajami ma da ƙyar. Da aka ja waya ya ɗauki garmahon ya kai wa Ɗanjuma mai gyaran rediyo a bakin tasha. Ɗanjuma bai taɓa cewa abu ya gagare shi ba. Ya cire injin da ya ƙone, ya sa na wata tsohuwar rediyo mai kaset, ya yanko robar tayar keke ya ɗaura, faifai ya soma juyawa. Saura a san gudun da ya kamata ya yi. Akwai wani ɗan noti a jikin injin, in an murɗa gudun ya ƙaru ko ya ragu. Ɗanjuma ya sa tsinin wuƙa ya ce, “To maigida, kai ka san kiɗanka. In ya yi daidai ka tsai da ni.”

Bawa ya lumshe ido kamar mai duba. “Rage. Ƙara ragewa. Mutanen nan ba su gaggawa. Rage kaɗan. Yauwa, tsaya nan.”

Daga ranar muka shiga uku. Ya share zaurensa, ya kafa katakai, ya jera fayafai a tsaye. Kowane rani kuma sai ya ƙaro wasu daga kasuwannin Kano, irin waɗanda masu su suka zubar. Bai san sunan ko ɗaya ba, sai ya raɗa musu nasa: wannan Mai Ƙaho, wancan Mai Gardama, wancan Ruwan Safe. Mutanen fadarsu, wato majalisar da suke hira, suka je ji sau ɗaya don zumunci. Isufu mahauci ya yi haƙuri har faifai ya ƙare, sannan ya yi tambayar da kowa zai yi: “Shin wa ake wa kiɗan nan? Na maƙera ne ko na manoma? Ban ji an ambaci kowa ba.”

“Ba a yi wa kowa,” in ji Bawa. “Ku kunnuwanku na kalangu ne. In ba a kira sunan kakanku ba, ba ku ji komai ba.”

Ni kuwa, da yake tuyar ƙosai ce sana'ata, ya ce kunnena ya toshe da ƙarar man ƙosai. Haka ya bi garin nan kaf ya raina, daga liman har mai unguwa. Abu ɗaya yake jira a duniya, kuma bai ɓoye ba. “Wata rana wanda ya sani zai zo garin nan,” yakan ce. “Ranar za ku san wane ne Bawa.” Shaida ɗaya tak yake nema, wanda zai tsaya gaban mutane ya ce kunnen nan na gaske ne.

Cikin fayafan akwai wanda ya fi ƙauna, shi ne mai waƙa a ciki. Murya ce mai kauri, tana jan kowace kalma kamar ba za ta sake ta ba. Bawa ya sa masa suna Dattijo. Bai san ko kalma ɗaya da ake faɗa ba, amma sai ya ba ka tarihinsa tiryan-tiryan: tsoho ne, ya yi noma a gonar wasu, ya binne 'ya'ya, ba ya kuka sai dai ya yi ƙasa da murya. Wata rana bakinsa ya suɓuce ya ce mini haka babansa ke magana in ya gaji. Na san baban nasa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ko a lokacin sai da na ce masa ai sai ya kai wa Dattijon goron sallah.

Shekara goma sha bakwai ana haka, sai aka turo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Yamai, Mushe Salim kamar yadda muke kiran malaman boko, saurayi mai sanyin hali. Yana wucewa wata rana ya jiyo ƙaho daga zauren, ya yi sallama, ya ce shi ma yana jin jaz tun yana ɗalibi. Abin nema ya samu. Bawa ya gayyace shi ranar Lahadi bayan azahar, ya yanka zabi biyu, ya sa rigar da yake zuwa idi da ita, ya kira Isufu da mutum uku na fada su zo su gani da idonsu. Ni na je taya Maryama girki, na kai tuwo zaure, na maƙale a bakin ƙofa. Wa zai bari wannan ta wuce shi?

Aka ci, aka wanke hannu. Bawa ya ɗora Dattijo, ya harɗe, yana kallon baƙo. Mushe ya saurara, ya karkata kai, ya matsa ya karanta rubutun da ke tsakiyar faifan yana juyawa.

“Baba, na san waƙar nan. Amma injinka ba ya gudu daidai. Yana ja da baya sosai.”

“Haka take,” in ji Bawa. “Dattijon ba ya gaggawa.”

“Wane dattijo, Baba? Ai mace ce.”

Yaron nan ba da mugunta ya yi ba, shi a ganinsa taimako ne. Ya zaro salula, ya lalubo waƙar, ya kunna. Sai ga muryar mace, garau, da ɗan rausaya, har ana iya taka rawa. Ya karɓi wuƙar Isufu, ya murɗa notin nan a hankali har faifai da salula suka zama baki ɗaya. Ya ce yarinya ce ma lokacin da ta yi ta, kuma waƙar saurayi ce da ya ƙi zuwa zance. Sannan ya yaba fayafan, ya ce dukiya ce, sai dai duk a sake jin su, don duka haka aka yi ta jan su.

Isufu ya ce, “Ashe dai akwai wanda ake wa kiɗan.” Suka fita suna danne dariya, ni ko ban danne tawa ba. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, kuma ba zan ɓoye ba, da bakina ya tafi. Shekara goma sha bakwai mutum na zagin kunnuwan gari, ashe kunnen nasa ne ya mai da budurwa tsoho.

Kwana shida ba a ji motsin zauren ba. Ran na bakwai da hantsi na biya da ragowar ƙosai, da maganganu uku da na tanada tun daga gida. Na same shi tsugune gaban garmaho da wuƙa a hannu, ya mai da gudun baya, muryar nan mai kauri na fita kamar da. Ya rame. Ya murɗa kaɗan, ya saurara, ya sake murɗawa.

“Kande, zauna,” ya ce. Bai taɓa ce mini in zauna a zauren nan ba. “Duk inda na tsaya ita nake ji, an danne ta. Ke saurara ki gaya mini. Namiji ne ko mace?”

Na saurara. Mace ce, ko kurma ya sani yanzu. Na ajiye maganganun da na zo da su, tausayinsa ya kama ni, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara, kuma na ji haushin kaina.

“Ni kam namiji nake ji,” na ce. “Tsoho ne.”

Ya ajiye wuƙar. Sannan ya miƙa hannu ya ɗaga allurar daga kan faifan.

“Shekara sittin ba ki taɓa raga mini ba, Kande,” ya ce. “Ashe har na kai nan.”