Baba Kantilal da matakalar dutsen Palitana

Baba Kantilal ya rasu a Indiya. 'Yarsa Nisha ce ta turo min saƙo da safen nan.

Maƙwabcina ne a Giza, kusa da Alƙahira, ni a hawa na bakwai, shi a na takwas. Dattijo ne mai sayar da yadi a kasuwar Ataba, mabiyin addinin Jain, mutanen da ko sauro ba sa kashewa.

Layyata ta farko a gidan, na aika masa da nama. Ya sauko da kansa ya ce, "Ma'alish ya Ustaz, yi haƙuri, ba ma ci." Washegari sai ga alawa cike da faranti.

Ba ya cin komai bayan faɗuwar rana. Da azumi yakan tsokane ni: "Ni in ajiye cokali, kai ka ɗauka."

Tun bara ya daina shiga lif. Atisaye yake yi don hawa dutsensu mai tsarki na Palitana a Indiya, mai matakala sama da dubu uku. Ya nuna min hoton a wayarsa: ɗaruruwan wuraren ibada na farin dutse, cunkushe a kan tsauni kamar birni. Ya ce ba a cin abinci a can sama, ba a kuma kwana. Kafin rana ta faɗi kowa ya sauko. Birni guda, an gina shi ba don wani ya zauna ba. Na daɗe ina kallon hoton.

Likita ya gargaɗe shi kan zuciyarsa. Nisha ta roƙe shi ya hau kujerar da ake ɗaukar tsofaffi. Ya ce, "A ɗauke ni kamar buhun shinkafa? Khalas, magana ta ƙare, da ƙafata zan je."

Ganina da shi na ƙarshe a matakalar gidanmu ne. Yana haki, ba takalmi, ya tare ni da hannu. Tururuwa ce ke tsallakawa. Muka tsaya, ni da shi, har ta ƙarshe ta wuce. Ina sauri ranar, amma na jira.

Allah Ya ba Nisha da mahaifiyarta haƙuri da juriya. Ku taya ni yi musu addu'a, don ba su da dangi a Alƙahira.

Na tambayi Nisha ko ya kai saman dutsen. Ta ce a matakala aka same shi zaune. Har yanzu ba a tabbatar musu ba ko hawa yake ko saukowa.