Wasiƙun Tsoho Gus

Perlita Dumalagan ta zo garin daga Iloilo ta ƙasar Filifin tana da shekara talatin da ɗaya, riƙe da takardar shaidar jinya da ba a yarda da ita a lardin Manitoba, inda garin yake, ba. Sai ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka, tana ba su abinci a baki. Mijinta Nonoy yana masana'antar nama da ke bayan gari. Gajera ce, ba ta da hayaniya, kuma a wurin aiki ba wanda ya san ta da barkwanci.

Amma kunne gare ta. Shekara goma sha biyu tana jin abin da masu zuwa duba iyayensu ke faɗa a gabanta kamar bango ce: baƙi sun cika gari, sun ƙwace aiki, girkinsu wari. In ta koma gida sai ta riƙa kwaikwayon muryarsu har Nonoy ya ƙware da shinkafa.

Wata rana ta rubuta wasiƙa zuwa jaridar garin mai fitowa mako-mako, ta sa hannu da sunan Gus Penner, wani tsohon manomi da ta ƙirƙira. Ta ce: "A kori 'yan Filifin ɗin nan daga gidan tsofaffi. Tun ina yaro burina ke nan in riƙa wanke wa maƙwabcina kashi da sassafe, ga shi sun zo sun yi mini ƙafa." Da hannunta ta miƙa wa editar, Doreen Friesen. Doreen ta karanta, ta dube ta, ta buga.

Daga nan Gus ya samu bakin magana. Ya yi ƙorafi cewa 'ya'yan baƙi suna jin harshe biyu ne don kawai su wulaƙanta shi. Ya yarda kakansa ma a jirgin ruwa ya zo, ba ko kalmar Turanci a bakinsa, amma wannan daban ne, domin shi kakansa ne. Rabin gari suka yi ta dariya. Wasu kuwa yanke wasiƙun suke suna liƙawa a jikin firij, suna cewa yau ga mai faɗin gaskiya.

A cikin na biyun akwai Vern Kowalchuk, mai sayar da kayan gyaran tarakta. Shi da abokan shan kofinsa suka shirya taro don hana gina wa ma'aikatan masana'anta gidaje, suka roƙi Doreen ta isar wa Gus da gayyata.

Doreen ta kira ta a waya. "Perlita, mutanen nan Gus fa suke so. Me zan ce musu?"

"Ki ce zai zo. Har da abinci zai kawo."

Nonoy ya ajiye cokali. "Ke, lafiyarki kuwa? A garin nan muke zaune fa."

Ta ce, "Shi ya sa."

Ranar Asabar da hantsi mutum kusan sittin suka taru a zauren taro. Perlita ta shigo ɗauke da faranti cike da taliya. Vern ya tare ta a ƙofa.

"Malama, kin yi ɓatan ɗaki. Ba mu kira masu girki ba."

"Ba Gus kuke jira ba? To ga ni."

Ta miƙa masa farantin, ta hau dandamali, ta sauko da makirufo daidai tsawonta, ta fara karanta wasiƙun Gus da muryar tsohon manomi mai gunaguni. Can wata tsohuwa a baya ta fashe da dariya, ta kasa dainawa.

Wani dattijo ya miƙe. "Wannan cin mutunci ne!"

Perlita ta ce, "Baba, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Maganar warin girkin nan kai ka faɗe ta ranar Laraba, ina yanke wa yayarka farce."

Mutumin ya ɗauki hularsa ya fita, kusan rabin zauren suka bi shi. Waɗanda suka rage suka ci taliyar. Ita kuma ta wuce mota.

An gina gidajen, ko da yake masu masana'anta ne suka matsa, ba Gus ba. An fasa wa motar su Perlita ƙwai sau biyu. Wasu 'yan kasuwa suka janye tallarsu daga jaridar. Wani gida suka ce kada ta ƙara taɓa mahaifinsu, amma bayan mako uku tsohon da kansa ya ƙi aski sai an dawo masa da ita. Vern kuwa ko gaishe ta ba ya yi.

Ta ƙara rubuta wasiƙa huɗu. Tunda kowa ya san ita ce, masu liƙawa a firij suka daina karantawa, ya zama masu dariyar tun farko su kaɗai suka rage. Sai ta ce wa Doreen abin ya ishe ta haka.

Ta bar aiki tana da shekara sittin da uku saboda ciwon baya. Yanzu tana birnin Winnipeg wurin 'yarta, tana shuka tumatir a tukwane, ranar Lahadi kuma tana rera waƙa a coci.