Ƙaro-Ɗaya da Muryar Surukinsa

Bakinsa ne ya raɗa masa sunan Ƙaro-Ɗaya. Duk mawaƙin da ya shiga ɗakinsa na ɗaukar sauti, komai kyan abin da ya rera, abin da zai ji bayan ya gama shi ne, "Ya yi kyau. Ƙaro ɗaya." In ya ƙaro, a ce ya sake ƙarowa. Akwai wani mai tallan maganin sauro da ya zo ɗaukar jimla biyu kacal, ya fita bayan awa uku muryarsa ta dishe, yana rantsuwa ko kyauta ne ba zai sake takowa ba. Mako na zagayowa sai ga shi da sabon talla.

Asalinsa mai gyaran rediyo ne. Da wayar hannu ta kashe kasuwar, sai ya share ɗakin ajiyar da ke bayan shagonsa, ya lilliƙa soso a bango, ya raba ɗakin biyu da katako, ya huda taga a tsakiya ya sa gilashi. Can ciki mai waƙa da makirfo. Nan waje shi da teburinsa, da kwamfuta, da wani ƙaramin makirfo na yi wa mai waƙa magana, sai akwatin sauti. Wannan akwati bai fi girman littafin rajista ba, amma duk muryar da za ta shiga kwamfuta ta cikinsa take bi, kuma shi kaɗai ne abin da Ƙaro-Ɗaya ke gogewa da gefen rigarsa.

Akwatin yana da wata dabara a cikinsa. Ana murɗa maɓalli ɗaya sai ya yi wa murya eko, mutum ya ji kansa kamar yana tsaye a tsakiyar babban ɗakin taro, kowace kalma tana jan wutsiya. To amma wannan kwalliya a kunnen mai waƙa kawai take tsayawa. Abin da ke wucewa cikin manhajar kwamfuta murya ce busasshiya, yadda Allah ya halicce ta. Haka Ƙaro-Ɗaya yake so. Yakan ce eko gishiri ne, in ka zuba tun a tukunya ba mai tsame maka shi. Saboda haka yana cika wa mutane kunne da eko su saki jiki, shi kuwa yana ɗaukar busasshiya, daga baya ya gyara a natse. Yaudara ce, ba na musu, amma da ita ya riƙe gida shekara tara.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ba, wato surukinsa, tsohon hedimasta, mahaifin matarsa Auta. Shekara talatin da biyu ya yi yana gyara wa 'ya'yan mutane ƙa'idar rubutu da jan biro, kuma ritaya ba ta karɓe biron ba. Duk ziyarar da suka kai masa, bayan gaisuwa sai ya dubi 'yarsa, ba mijin ba, ya ce, "Har yanzu yana nan da wasan wayoyin nasa?" Ƙaro-Ɗaya ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Amma maganar tana cin sa, tana cin sa sosai, don babu abin da yake so a duniya kamar tsohon nan ya dube shi sau ɗaya a matsayin mai aikin yi.

Ana nan sai tsofaffin ɗaliban Hedimasta suka roƙe shi ya ɗauki waƙar tarbiyyar da ya rubuta musu tun suna yara, wadda yanzu ta kai baiti arba'in cif. Auta ta yi caraf ta ce ai ga ɗaki a gida. Wata Asabar da hantsi sai ga Hedimasta da littafinsa a hammata, ya tsaya bakin ƙofa yana ƙare wa soson bango kallo.

"Katifa kuka yayyanka?"

"Na hana sauti fita ne, Baba."

"Hm."

Aka zaunar da shi, aka sa masa abin kunne, Ƙaro-Ɗaya ya murɗa eko har ya kusa kai wa ƙarshe, don yau ba ranar rowa ba ce. Tsoho ya yi gyaran murya. Da ya ji gyaran muryar tasa ta tafi ta dawo, sai ya gyara zama, ya sake yin wata ba tare da buƙata ba. Ya rera baiti uku idonsa a rufe, hannu yana tashi. Sannan ya fito ya ce a kunna masa ya ji.

Aka kunna. Abin da ya fito daga lasifika murya ce siririya, mai rawa, ta ɗan shekara saba'in da huɗu, har da ƙarar haƙoran roba.

"Wane ne wannan?"

"Ai... ɗaukar ce, Baba."

"Wannan mai mura? Ni na ji kaina da kunnena yanzun nan. Ina ka kai muryata?"

Ƙaro-Ɗaya ya yi bayani iya yinsa: cewa ekon a cikin akwati yake, ba ya shiga kwamfuta, amma manhajar tana da nata har kala ashirin. Ya ɗora ɗaya. Hedimasta ya girgiza kai. Ya ɗora wani, aka ce wannan rijiya ce. Na uku aka ce banɗaki. A gaskiya kunnen tsohon bai yi ƙarya ba, ekon akwatin daban yake, ya fi ɗumi. Sai Hedimasta ya nuna akwatin da biro.

"Wadda ke cikin nan nake so. Ita za ka fito da ita ka sa a injin naka. In ba ka iya ba, faɗi, ba abin kunya ba ne."

In ba ka iya ba. A gaban matarsa. Ƙaro-Ɗaya ya jawo kujerarsa gaban kwamfuta. Hanyar kuwa akwai ta, ya san ta, bai taɓa bin ta ba ne kawai. Ana iya umartar akwatin ya kwashe duk abin da yake fitarwa, da ekon da komai, ya mayar da shi cikin kwamfuta a matsayin sabuwar murya. Ya buɗe shafin akwatin, ya danna nan ya danna can, ya zaɓi sabuwar mashigar a manhaja. Da ya buɗe layi na biyu don ya ajiye busasshiyar saboda tsaro, Hedimasta, wanda ke tsaye a kansa kamar mai tsaron jarrabawa, ya ce, "Wannan fa?"

"Ta ajiya ce, Baba, ko da za a..."

"Ta mai murar? Rufe. Layi ɗaya."

Ya rufe. Saboda tsoron kada sauti ya riƙa zagayawa ya yi ƙara, sai ya kashe lasifikokin teburinsa gaba ɗaya. Ai katakon ba kauri ne da shi ba, ana jin tsohon ta cikinsa. Ya danna jan maɓalli, ya ɗaga yatsa ta gilashi, Hedimasta ya ɗauko baiti na ɗaya.

Abin da Ƙaro-Ɗaya ya manta shi ne ƙaramin makirfon teburinsa. Mai waƙa ba ya jin sa sai an danna masa, wannan gaskiya ne. Amma a cikin akwatin a buɗe yake kwana da wuni, kuma yanzu an ce wa akwati duk abin da ya ji ya kai wa kwamfuta. Shi akwati ba ya zaɓe.

Baiti arba'in tafiya ce mai nisa. Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da mijinta, kuma mata da miji in suka zauna ba abin yi, baki ba ya zama. Suna kallon tsohon ta gilashi, fuskokinsu cike da ladabi, suna gyaɗa kai, leɓuna kawai ke motsi. Minti ashirin da biyar aka yi haka.

Hedimasta ya fito yana share gumi, fuskarsa tana walƙiya. A karo na farko a tarihin ɗakin nan ba a ce a ƙaro ɗaya ba. Aka ba shi kujerar tebur, Ƙaro-Ɗaya ya kunna lasifika, ya tsaya a gefe hannu a baya.

Kai, murya ta fito! Faɗi, zurfi, kowace kalma da rakiyarta. Hedimasta ya lumshe ido ya ce, "Yauwa. Wannan ni ne." Baiti na ɗaya ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Ana tsakiyar na huɗu sai wata murya ta daban ta shigo, ita ma da ekonta, da girmanta, kamar mai sanarwa a filin jirgi:

"Ya sauka daga titi. Ga shi can cikin gona."

Sai dariyar mace, ƙasa-ƙasa, ta tafi ta dawo.

Ƙaro-Ɗaya ya kai hannu zai tsayar. Biro ya sauka a bayan hannun nasa, a hankali.

"Bar shi."

Auta ta ce bari ta duba ko ta bar wani abu a shago. "Zauna," in ji mahaifinta, idonsa har yanzu a rufe. Ta zauna.

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗauka a kwamfuta. A baiti na tara aka ji Auta tana cewa, "Haka yake mana kullum da asuba muna yara, har kajin maƙwabta sun haddace." A na sha huɗu mijin ya ce, "Wannan baitin na ladabin cin abinci, shi da kansa ba ya bin sa." A na ashirin da ɗaya, inda tsohon ya ja wata kalma ta ƙi jawuwa, aka ji Ƙaro-Ɗaya ya ja numfashi ya ce, "Allah ya ji ƙan akuyar." Duk wannan da eko mai daraja, don akwatin bai bambanta mai waƙa da mai gulma ba. Ƙaro-Ɗaya ya zuba wa ƙasa ido. Ya tabbata shekara tarar da ya yi yana sunkuyar da kai ta tafi a banza, kuma ba layi na biyu da zai fake da shi.

A baiti na talatin da uku waƙar ta juya. Wannan ba ya cikin na ɗalibai, Hedimasta ya ƙara shi ne bayan rasuwar matarsa, kan yadda take jiran sa da fitila in ya yi jinkirin gyaran takardu. A nan tsohon ya daina ɗaga murya, ya rera kawai. Ba a ji kowa ya yi magana ba har baitin ya ƙare. Sai muryar Ƙaro-Ɗaya, ƙasa sosai:

"Kin ji nan? Wallahi shekara tara ban ɗauki abin da ya kai wannan ba. Da zai yarda ya yi sauran haka, ba ya buƙatar wani eko."

Aka ji Auta tana jan hanci.

Waƙa ta ƙare, wutsiyar kalmar ƙarshe ta ɓace. Hedimasta ya buɗe ido, ya cire tabarau, ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Za a iya cire ku daga ciki?"

"Ba za a iya ba, Baba. Layi ɗaya ne. An riga an gauraya."

"Wa ya ce a yi layi ɗaya?"

Ƙaro-Ɗaya ya matso kusa.

"Baba, a gafarce ni, ni ne na..."

"Mayar da shi wurin akuyar."

Ƙaro-Ɗaya ya mayar. Suka sake saurare su uku. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma fuskar tsohon ta nuna haka. Ya buɗe littafinsa, ya nemi baiti na ashirin da ɗaya, ya zare murfin jan biron, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar.

"Akuya ce," ya ce. "Gonar kuma a na huɗu ne?"

"Na huɗu... da na bakwai, Baba."

"Ba ka faɗi na bakwai ba."

"Lokacin ina shan ruwa."

Auta ta toshe bakinta da mayafi. Hedimasta ya ja layi a na bakwai, ya tashi, ya nufi ɗakin ciki. A bakin ƙofa ya juyo, ya dubi mijin 'yarsa ido cikin ido.

"Rage mini wannan ɗakin taron. Ka buɗe layinka biyu. Kuma wancan ƙaramin makirfon, ka haɗa shi da kunnena. In na shiga gona ka faɗa mini tun ina bakin titi. Aikinka ne."

Ya shiga ya ja ƙofa. Ƙaro-Ɗaya ya zauna, ya laluba maɓallin, sai da ya goge idonsa da hannun riga kafin ya gan shi sosai.