Lissafin da na yi a bayan katin Asma'u

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Waɗanda suka aiko da tambaya ban amsa ba, su gafarce ni.

Na yi jinyar kansar maƙogwaro, kuma likitoci sun ce a yanzu ba su ga alamarta ba. Alhamdu lillahi.

Sai dai labarin bai fara da ni ba. Shekara huɗu da suka wuce aka gano ƙari a bayan hancin ɗiyata Asma'u, tana da shekara goma sha ɗaya. Daga Gummi aka tura mu babban asibitin da ke da injin gashi, wato na ƙona ƙari da hasken raɗiyeshin. Bayan dogon jira, aka ba ta rana.

A takardarta na ga an rubuta 5040 cGy, wato sentigire, ma'aunin gashin da za a yi mata. Shekara ashirin ina koyar da fiziks a sakandare, saboda haka na juya katinta na yi lissafi. Sentigire ɗaya daidai yake da rad ɗaya, rad ɗari kuma shi ne gire ɗaya. Ke nan gire hamsin da ɗan ɗori. Na kuma san gire biyar na iya kashe babban mutum.

Lissafina daidai ne. Har yau daidai ne.

Likitan ya ce, "Malam, wancan jiki duka ne, a lokaci guda. Wannan wuri ɗaya ne, kaɗan-kaɗan, cikin kwana ashirin da takwas." Na ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa marasa karatu. Na ce zan yi shawara, na kwashe ta muka koma gida don in yi bincike. Innarta ta roƙe ni sau ɗaya, na nuna mata bayan katin.

Mako bakwai na yi ina bincike. Da muka koma, ƙarin ya bazu.

Ranar gashin da muka bari an ba wa Balki, ɗiyar Malam Ummaru, wani manomi daga Adabka da muka zauna benci ɗaya da shi. Ciwonsu iri ɗaya. Balki ta rayu.

An gaya mini babu wanda zai iya cewa makonnin nan ne suka raba su, kuma na san kwanan Asma'u ne ya ƙare. Amma ga abin da ban taɓa faɗa ba: na yi wa mutumin nan hassada. Ba ya iya karanta takardar ɗiyarsa, kuma kowace Sallah yakan kira ni ya miƙa mata waya ta gaishe ni. Ina amsawa da ladabi. In na ajiye waya, sai in kasa cin abinci.

Bara muryata ta dushe, haɗiya ta yi wuya. Aka yi hoto, aka yanki nama aka auna. Na sayar da gonar da na gada a fadama, na koma asibitin nan, benci ɗaya.

Tawa takardar 7000 cGy ce, sau talatin da biyar. Gire biyu kowace rana. Ban tambayi komai ba. Na sa hannu.

Ana kwantar da kai, a ɗaure fuskarka da wata roba da aka ƙera daidai kanka, kowa ya fita. Minti kaɗan ne, ba ka jin komai. A mako na uku miyau ya ƙafe, wuyana ya yi baƙi, ruwa ma ya zama kamar ƙaya. Kullum a kan gadon nan tunanina ɗaya: abin da na hana ta ke nan.

A mako na huɗu Malam Ummaru ya zo. Babur ya hau ta hanyar da kowa ya san halinta na rashin tsaro, ya ɗauko garin kunu da zuma. Ya ce a dama shi ruwa-ruwa, a bari ya huce, da shi Balki ta tsallake makonnin ƙarshe.

Ban san abin da ya sa ba, na tambaye shi ko lambobin ba su ba shi tsoro ba a lokacin.

Ya yi dariya. "Malam, mu mi munka sani ga lamba? Abin da likita ya ce, shi munka yi."

Na sha kunun. Shi ya riƙe ni har na gama. Na tsani cewa shi ya riƙe ni.

Kafin ya tafi ya yi roƙo. Makarantar da ke kusa da su ba ta zama saboda rashin tsaro, yana so Balki ta zauna gidana a Gummi ta yi sakandare. Na ce zan yi shawara. Wata biyu ban kira shi ba.

Innar Asma'u ce ta ce, "Ka taɓa cewa za ka yi shawara." Sai na kira shi.

Balki tana gidanmu yanzu. Ɗaki ɗaya ne babu kowa ciki, a nan take kwana. In na ji dariyarta daga tsakar gida, abin nan na hassada yana tasowa har yanzu. Daga kansar maƙogwaro na warke. Wannan kuwa ina kan jinyarsa.

Ina godiya ga Allah, ga likitoci da ma'aikatan ɗakin gashi, ga matata, ga Malam Ummaru.

Shawarata gajera ce. In murya ta dushe ta wuce mako uku, ku je asibiti. In an ba ku ranar gashi, kada ku sake ta. Ku yi tambayoyinku kuna kan layi. In kun ga lamba mai ban tsoro, ku tambayi a wane wuri ne, kuma cikin kwana nawa. Masu karatu, da ku nake musamman.

Zango mai zuwa ajin su Balki zai iso darasin ma'aunin raɗiyeshin, ni zan koyar. Katin Asma'u zan kai aji. Zan sa su duba lissafin, su tabbatar babu kuskure a ciki. Sannan in gaya musu abin da ya biyo baya.